Roba-roba ko Boxer: wanne ya dace da hanyar ƙauye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne, kullum nakan yi tafiyar kilomita 14 zuwa ƙauyen da nake koyarwa, rabin hanyar kwalta, rabi burji da yashi. Roba-roba zan saya ko Boxer? In kuma na hannu ne, me zan duba?
Wani malami daga Ringim

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ita ce Boxer, kuma wannan rabin hanyar marar kwalta ne dalili.

Roba-roba, irin su Jincheng da Lifan masu inji 110cc, babur ne na cikin gari. Ba shi da nauyi, ba a matsa kuloci da hannu, ba ya shan mai sosai. Amma cikinsa na kusa da ƙasa, tankinsa bai wuce lita huɗu ba, kuma girgizar burji tana kwance notunan da ke riƙe robobin har su fara tsagewa. A cikin yashi kuwa, rashin kulocin hannu ne ke kayar da mutum, domin ba za ka iya sakar wa tayar baya ƙarfi a hankali ba. Boxer 100cc na da tanki mai cin kusan lita 11, shokinsa na ɗaukar ramuka, kuma da wuya ka shiga ƙauyen da bakanike bai san cikinsa ba. Masu ƙananan tayoyin nan da ke aiki da bel, kada ma ka yi tunaninsu a wannan hanya.

In na hannu ne, je ka gan shi da sassafe, injin na sanyi, ka tayar da shi da kanka. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa na nufin rin da fistan sun cinye, yana ƙona baƙin mai. Dubi haƙoran sifaket, wato faifan ƙarfen da cen (sarƙa) ke hawa: in sun yi tsini sun karkata, sai an canza su tare da cen gaba ɗaya, domin tsohon sifaket cinye sabon cen yake yi. Matse birkin gaba ka tura babur ɗin. Ƙarar "ƙas-ƙas" a wuya alama ce boris ya yi sako-sako. Sannan ka gwada lambar inji da ta shasi da abin da ke rubuce a rasit. In sun saɓa, bar shi komai arharsa, don babur ɗin sata ya jefa mutane da yawa cikin wahala.

Sabo kuwa, juye baƙin mai bayan kilomita 500 na farko, daga nan duk bayan kilomita 1,500 zuwa 2,000 saboda ƙura. Lokacin hunturu ka riƙa wanke soson tace iska da kananzir duk mako biyu, ka shanya, ka ɗiga masa ɗan mai kafin ka mayar. Cen ya zama yana lilon santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Ka ware kuɗin hular kwano tun ranar saye.