Amsa kan sayen hannun jarin bankunan ƙasashen waje

Malam, ka tambaya ko ya dace ka zuba kuɗin sallamarka a hannun jarin bankunan waje irin su HSBC da JPMorgan Chase. Ni ma daga nan Zariya nake sayen hannun jari ta waya, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta nuna mini amfanin mallakar kadara da dala.

Sai dai girman banki ba ya hana shi durƙushewa, domin Lehman Brothers ya rushe a 2008, UBS kuma ya haɗiye Credit Suisse a 2023. Amurka ma tana cire harajin kashi 30 cikin 100 daga ribar da kamfanoninta ke raba mana. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin ruwa, wanda shi ne ginshiƙin kasuwancin waɗannan bankuna, saboda haka ka fara tuntuɓar malamai kafin ka saya.