Tambaya da Amsa: Ba a ɗauki ɗana a shirin bazara na West Point ba, shin ƙofa ta rufe ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar unguwar Bronx ce a birnin New York. Ɗana, wanda aka haifa a nan, yana aji na 11 a sakandare, kuma ya daɗe da burin shiga makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point. Ya nemi gurbi a shirin mako guda da makarantar ke shirya wa ɗalibai a lokacin bazara, amma ba a ɗauke shi ba, kuma tun daga ranar ya daina fita gudun asuba da ya saba. Shin babu sauran hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar masa da nasa, domin halartar wannan shiri ba ya cikin sharuɗɗan shiga makarantar, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake ɗauka kowace shekara ba su taɓa halartarsa ba. Guraben shirin kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema. Amfaninsa shi ne yaro ya kwana a barikin makarantar da ke bakin kogin Hudson, a tashe shi tun da duhu, ya yi fareti, ya shiga aji, ya gane ko zuciyarsa za ta ɗauki wannan rayuwa. Makarantar sojan ruwa da ke Annapolis da ta sojan sama da ke jihar Colorado su ma suna da irinsa.

Abin da ya fi cancanta ku sa a gaba yanzu shi ne takardar tsayarwa, wato takardar da ake gabatar da sunan yaro ga makarantar da ita, wadda ba a shiga West Point sai da ita. Yawanci ana samunta ne daga ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku ko daga sanatocin jiharku biyu, ana kuma iya nema daga ofishin mataimakin shugaban ƙasa. Kowane ɗan majalisa yana da gurbin ɗalibai biyar kacal a makarantar a lokaci guda, saboda haka takarar tana da zafi, kuma kowane ofishi yana da ranar rufe karɓar takardunsa, galibi kafin ƙarshen shekara. Shawarata ita ce ya nema a duk ofisoshin, kada ya tsaya kan guda. Ba sai kun san ɗan majalisar ba. Kwamiti ne yakan zauna da yaro, ya duba sakamakonsa, ya tambaye shi dalilin da ya sa yake son aikin soja.

Batun gudun asubar nan ya dame ni ƙwarai, domin akwai gwajin ƙarfin jiki mai kashi shida da ake yi a jere, da ɗan hutu kaɗan a tsakani. Ana farawa da jefa ƙwallon kwando daga durƙushe, a bi da ɗaga jiki a kan sandar ƙarfe da sauransu, sai a rufe da gudun mil guda a daidai lokacin da hannuwa da ƙafafu suka riga suka gaji. Wanda ya ajiye atisaye wata biyu zai gani a jikinsa. Akwai kuma binciken lafiya na ma'aikatar tsaro, inda ciwon asma bayan yaro ya cika shekara 13 kan zama cikas, ko da yake ana iya neman sassauci. Ki fara tattara takardun asibitinsa tun yanzu.

Sauran sharuɗɗan a bayyane suke: ɗan ƙasar Amurka, marar aure, wanda ya kai shekara 17 amma bai cika 23 ba zuwa ranar 1 ga Yuli na shekarar shiga.

Ina roƙonki, Hajiya, ku zauna da shi da mahaifinsa ku tattauna abin da ke biyo bayan karatun. Ba a biyan kuɗin makaranta, har ma ana ba ɗalibi albashi duk wata, amma bayan shekara huɗu zai fito da muƙamin ƙaramin laftanar, ya yi aƙalla shekara biyar yana aikin soja a duk inda aka tura shi, ko da fagen daga ne. Idan ya ji wannan ya ce har yanzu yana so, to ya ɗauko takalman gudunsa gobe bayan sallar asuba, ya kuma buɗe shafin intanet na ɗan majalisarku a wannan makon ya rubuta ranar da za a rufe karɓar takardu.