Tambaya da Amsa: Me ya sa wani sinadari ke ɗumama ruwa, wani kuma ya sanyaya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Idan aka zuba kostik soda a ruwa, sai mazubin ya ɗauki zafi alhali ba a ɗora shi a wuta ba. Amma jakar sanyin da ake matsewa a ɗora wa mai targaɗe, ita ma gari ne da ruwa, sai ta yi sanyi ƙalau. Daga ina zafin ya fito, kuma ina na ɗayar ya tafi? Daga wata ɗalibar kimiyya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Makamashi ba ya ɓata, kuma ba a ƙirƙirar sa daga babu, wuri kawai yake sauyawa. Duk lokacin da gari ya narke a ruwa, aiki biyu ne ke gudana tare. Sai an kashe makamashi an raba ƙwayoyin da ke manne da juna, sannan idan ƙwayoyin ruwa suka kewaye su, sai makamashi ya fita. Abin kamar ciniki ne: in abin da ya fito ya fi wanda aka zuba, rarar ita ce zafin da hannunki ya ji. In kuwa bai kai ba, daga jikin ruwan ake cike giɓin, shi ya sa yake yin sanyi.

Kostik soda giram 40 tana sakin kimanin kilojul 44.5 idan ta narke (jul shi ne ma'aunin makamashi, kilojul ɗaya kuwa jul dubu ne). Ruwa kuma yana buƙatar jul 4.18 kafin giram ɗaya ya hau da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyos. To a lita guda, zafin zai hau da kusan digiri 10 ne kacal, amma a rubu'in lita sai ya ƙaru da wajen digiri 40. Nan haɗarin yake. Don haka soda ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka kwara ruwa a kan tulin soda, ɗan ruwan farko yakan tafasa nan take ya fantsamo a fuska. Kada kuma a yi a mazubin alminiyam, don soda na cin sa, ta fitar da iskar haidurojin mai kama wuta.

Jakar sanyi kuwa galibi amoniyam naitiret ce ko yuriya a ciki. Amoniyam naitiret giram 80 yana zuƙar kimanin kilojul 25.7, wato zai sauke lita guda da kusan digiri 6. Yana narkewa da kansa duk da haka, saboda ƙwayoyinsa sun fi samun hanyoyin warwatsuwa a ruwa. Wannan shi ake kira entirofi, kuma Josiah Willard Gibbs na Amurka ne ya haɗa lissafinsa da na zafi a shekarun 1870.

Tambaya: Malam, mun auna a ɗakin gwaji, amma adadinmu bai kai na littafi ba. Ina matsalar?

Amsa: Da wuya a ce littafin ne. Ku sa kofin soso biyu, wato farin kofi marar nauyi mai riƙe zafi, ɗaya cikin ɗaya, da murfi. Ku zuba ruwa giram 100, ku rubuta zafinsa, ku ƙara soda giram 2, kuna juyawa har ma'aunin ya daina hawa. Ya kamata ya hau da digiri 5 da ɗan ɗoriya. Sai ku ninka nauyin haɗin, giram 102, da 4.18, da yawan digirin da ya ƙaru, abin da ya fito shi ne yawan jul ɗin da sodar ta saki.

Abin da ya fi ɓata wannan gwaji shi ne jinkiri wajen awo. Soda tana tsotsar laimar iska, za ku ga ƙwayoyin sun fara sheƙi da danƙo tun suna kan sikeli, wato wani ɓangare na nauyin ruwa ne, kuma wani zafin ya riga ya fita. Kofin gilashi ko na ƙarfe ma yakan shanye nasa kason. Ku sa tabarau da safar hannu kafin ku buɗe kwalbar, ku rufe ta da zarar kun ɗiba.