Ki kira mutum ɗaya, ki faɗi lamba, ki jira a maimaita

'Yata, tambaya biyu kika yi mini, amma tushensu ɗaya. Kin ce daren da aka kawo matar da ta haihu a gida jini ya ɓalle mata, kin lura ruwan da aka ɗaura mata ya daina ɗiga, hannun ya fara kumbura, alamar kanula, ɗan bututun da ruwan ke bi, ta fita daga jijiya. Kin ce, "kamar ruwan nan ba ya tafiya," ba wanda ya waiwayo, ke kuma kika ji nauyin sake faɗa saboda babban likita na tsaye, har sai da mai ba da allurar barci ya gani da kansa. Kina so ki san yadda ƙarama irinki za ta yi magana a gaban manya ba a ce ta yi rashin kunya ba. Kuma kina tambaya don me nake matsa muku sai kun maimaita duk umarnin da aka ba ku da baki, alhali a emajansi ana tseren lokaci.

Ba ki yi shiru ba, wannan na yaba miki. Amma dubi yadda maganar ta fito. Kin sa "kamar" a gaba, ba ki kira kowa ba, kuma da muryar gaida surukai kika faɗe ta. Ɗakin cike yake da mutane, na'ura tana ƙara, dangin matar suna salati a bakin ƙofa, hankalin likita gaba ɗaya yana kan mahaifar da ta ƙi tsukewa. Wanda ya duƙufa a kan aiki irin wannan kunnensa toshewa yake yi. Ba girman kai ba ne, haka Allah ya yi ɗan Adam. Abin da ya kamata ya fito daga bakinki shi ne: "Dokta, kanular hannun dama ta fita, ruwa da oksitosin ba sa shiga. A sa wata a hagu." (Oksitosin shi ne maganin da ke tsuke mahaifa.) Kin kira shi, kin faɗi abin da idonki ya gani, kin faɗi abin da ake bukata. In bai ɗago ba, ki matsa inda zai ga fuskarki ki sake faɗa da ƙarfi. In har yanzu bai ji ba, ki juya ga sistar da ke riƙe da ɗakin ki faɗa mata, ko ki ce, "Dokta, a dakata, akwai haɗari." Ba a barin maganar sai wani ya amsa.

Na san tarbiyyar da kika taso da ita, nima ita aka yi mini. Ba a katse babba, ba a gyara masa a gaban mutane. Tarbiyya ce mai kyau, ki riƙe ta a gida da ofis da wurin gaisuwa. A bakin gadon mai zubar da jini kuwa, ladabinki yana cikin "Dokta" da "Sista" da kika fara da su, ba cikin sassauta gaskiyar ba. Likitan kirki, in an gama, godiya zai yi miki. Wanda ya ji haushi kuma, ki bar shi da ni, aikina ne.

Kada ki ɗauka matsalar ta ƙasarmu ce kaɗai. A shekarar 2005 a Ingila, wata mata mai suna Elaine Bromiley, 'yar shekara 37, ta shiga ɗakin tiyata don ƙaramin aikin hanci. Da aka sa ta barci sai aka kasa shigar mata da bututun numfashi, aka kuma kasa hura mata iska yadda ya kamata. Manyan likitocin sa barci biyu da likitan kunne da hanci da maƙogwaro suka yi ta gwada bututun, oksijin ɗin jininta ya faɗi zuwa kashi 40 cikin ɗari, mintuna suna ta wucewa. Nas-nas ɗin ɗakin sun gane abin da ake ciki. Ɗaya ta ɗauko kayan huda maƙogwaro ta kawo, ɗaya ta buga waya ta nemi gado a sashen kulawa ta musamman. Sun faɗa, amma ba yadda zai tsayar da manyan ba, kuma ba wanda ya kula. Ƙwaƙwalwar matar ta lalace saboda rashin iska, ta rasu bayan kwana 13. Ilimi bai yi ƙaranci a ɗakin nan ba, kayan aiki ma akwai su. Mijinta, Martin Bromiley, matuƙin jirgin sama ne, shi ya tashi tsaye ya kafa ƙungiya don asibitoci su koyi abin da masu jirgin sama suka koya tun bayan haɗarin Tenerife na 1977, inda jirage biyu suka yi karo a filin jirgi mutum 583 suka mutu. A can ma injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗaya jirgin ya sauka daga hanya, kyaftin ya ce ya sauka, ƙaramin ya yi shiru.

Daga nan amsar tambayarki ta biyu ta fito. Ɗauki adirenalin, wadda ke cikin tirenmu kullum, miligiram 1 a kwalba. In zuciya ta tsaya, miligiram 1 ake bayarwa ta jijiya, a maimaita duk bayan minti 3 zuwa 5. In kuwa jikin mutum ya ƙi wani magani ne, fuska ta kumbura, numfashi ya toshe, rabin miligiram ake bai wa babba a tsokar cinya. Magani ɗaya, kwalba ɗaya, amma in kika tura na farkon a jijiyar wanda zuciyarsa ke bugawa, kina iya kashe shi. To in likita ya ce "a ba shi adirenalin" kawai, wanne yake nufi? Shi ya sa nake so ki ji haka: shi ya ce, "Sista, adirenalin rabin miligiram, a tsokar cinya." Ke ki ce, "Adirenalin rabin miligiram, a tsokar cinya." Shi ya ce, "Haka ne." In kin yi allurar ki ɗaga murya, "An ba shi, ƙarfe biyu da minti goma." Duka wannan bai kai daƙiƙa goma ba. Kuskuren da zai hana kuwa, wani lokaci ba ya gyaruwa har abada. Kuma ki tuna da Turanci ake yawan faɗin lambobi a wad, 15 da 50 a bakin Turanci kusan sauti ɗaya ne, balle ta bayan takunkumi. In kin yi shakka ki rarraba lambar, ki ce ɗaya da biyar ne ko biyar da sifili.

Akwai wata ɗabi'a tamu da ke cin rai a ɓoye, wato umarnin da ba shi da mai shi. "A kawo jini." "A kira likitan tiyata." "A duba silindar oksijin." Kowa ya ji, kowa ya ɗauka wani ya tafi, bayan minti ashirin a waiwaya a ga ba wanda ya motsa. Ranar da aka ba ki riƙon ɗaki, ki dubi mutum ido da ido ki kira sunansa ki ba shi aikin, ki ce ya dawo ya gaya miki abin da ya samu. Don haka ne nake tara ku a farkon kowane aikin dare, har masinja da mai shara, kowa ya faɗi sunansa, mu raba: in an kawo wanda zuciyarsa ta tsaya, wa zai danna ƙirji, wa zai riƙe numfashi, wa zai nemi jijiya, wa zai riƙe agogo. Mu san wa ke bankin jini a daren, wa ke lab, wa zai ta da janareta in an ɗauke wuta. Takardar duba lafiyar tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta sa wannan a ciki, cewa kafin a sa wuƙa kowa ya faɗi sunansa da aikinsa. Da aka gwada takardar a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Wanda aka riga aka ji muryarsa sau ɗaya a ɗaki, sake buɗe baki ba ya yi masa wuya.

Kuma dole a sami shugaba ɗaya. In hannaye sun isa, ya tsaya a ƙafar gado kada ya taɓa komai, don wanda hannunsa ke cikin aiki ba ya ganin ɗaki. Rigimar da ke tsakanin ƙungiyar likitoci da JOHESU, haɗakar ƙungiyoyin sauran ma'aikatan lafiya, kan wa ya fi wa, ku bar ta a wurin taro. Na ga nas ta ja ragamar farfaɗo da majinyaci likita yana danna ƙirji a ƙarƙashin umarninta, kuma hakan ne daidai a lokacin, don ita ta fi shi sanin ɗakin.

Lamba ita ce abin da ya fi ba ƙarami ƙarfin magana. "Jinin yana da yawa" ra'ayi ne, babba zai iya cewa shi bai ga yawansa ba. "Ya kai mililita 500, bugun zuciya 124, awon jini 85 bisa 50" kuwa ba mai musu da shi. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitoci kusan 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna haka a fili. An shimfiɗa wa mai haihuwa leda mai ma'auni da ke tara jinin, da zarar ya kai layin sai ungozoma ta fara komai tare ba ɗaya bayan ɗaya ba: murza mahaifa, oksitosin, maganin tsayar da jini na tiraneksamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na gaba. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Magungunan ba sababbi ba ne. Abin da ya canza, ungozoma ta sami layin da za ta nuna da yatsa.

Haka ma in za ki buga wa likita waya ƙarfe uku na dare. Sallama ɗaya ta isa, ki bar tambayar gida da gajiya. Ki faɗi ko ke wace ce da inda kike, abin da ke faruwa yanzu, tarihin majinyacin a taƙaice, abin da kika auna, sannan abin da kike so. "Dokta, daga emajansi ne. Mace ce 'yar shekara 28, haihuwa ta biyar, ta haihu a gida awa biyu da suka wuce, jini bai tsaya ba. Mahaifa ba ta tsuke ba, bugun zuciya 124. Mun ba da oksitosin. Ina so ka zo yanzu." Kada ki ajiye wayar sai ya faɗa miki minti nawa zai ɗauka da abin da za ku yi kafin ya iso, ki kuma maimaita masa.

Dangin majinyaci su ma suna cikin aikin. A ware mutum ɗaya ya tsaya da su, ya tambaye su cikin mutunci me aka ba ta a gida, jiƙo ne, allurar kemis ce, yaushe. In aka tsawata musu ɓoyewa za su yi. In kuma likitan ɗan bautar ƙasa ne da bai iya Hausa ba aka sa ki tafinta, ki faɗa masa abin da suka ce daidai, kada ki tace masa abin da kike ganin ba shi da amfani.

A aikin darenmu na gaba ke zan bai wa agogo da takarda. Ke za ki riƙa shelar cikar minti biyu don a canza mai danna ƙirji, ke za ki faɗi lokacin da allura ta gaba ta yi, kuma duk wanda ke ɗakin, har babban likita, muryarki zai bi. Ki zo da wuri mu gwada a kan ɗan robar koyon aiki kafin a karɓi wad.