Abin da kake yi da abin da kake so, wanne zan rubuta a fom?

Tambaya: Salam malam, a Agege nake zaune, ina neman aikin sito a wani kamfani a Ikeja, to a fom ɗin sun ware wuri biyu, ɗaya abin da nake yi don nishaɗi, ɗaya kuma abin da nake sha'awa. Ba duk ɗaya ba ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Ba ɗaya ba ne gaskiya, ko da yake suna tafiya tare. Sha'awa a zuciya take, abin da hankalinka ke kai, kana bin labarinsa a waya ko rediyo, kana musu a kai a majalisa. Na nishaɗi kuwa sai ka sa jikinka da lokacinka, wani lokaci har da kuɗinka, kuma a kai a kai kake yi ba tare da kowa ya biya ka ba.

Ɗauki ƙwallo. Wanda duk Asabar yana gidan kallo ya haddace 'yan wasan Arsenal kaf, sha'awa ce. Wanda ke ɗaura takalmi ran Lahadi da safe ya fita fili, wannan shi ne yake yi. Haka gudun fanfalaki na Legas da aka fara a 2016, kilomita 42, jama'a da yawa na tsayawa bakin titi suna kallo, amma mai fita tun asuba yana atisaye kafin ranar shi kaɗai zai rubuta gudu a wurin farko. Mai kiwon tattabara ma haka, shi ke sayen dawa, shi ke share ɗakinsu, ya san wadda ta kwanta kan ƙwai.

Kuma a garin nan fa yawancinmu sha'awar ce ta fi yawa, go-slow ya cinye lokacin, ka fito da asuba ka dawo bayan isha'i, to ba abin kunya ba ne wurin farko ya zama abu ɗaya tak.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne kowa ya rubuta karatu da tafiye-tafiye, ran intabiyu a ce wane littafi ka karanta kwanan nan sai ido ya raina fata. Rubuta wanda za ka iya yin bayaninsa na minti biyu ba in-ina. Tunda sito ne, in kai ke riƙe littafin adashen unguwa ko kana taɓa gyaran waya, sa shi a na farko. A na biyu sa irin harkar kasuwanci ko kwamfuta, siyasa dai ka bar ta a majalisa.