Tambaya da Amsa: In biya a fito mini da satifiket ɗin Microsoft, ko in zauna jarrabawar da kaina?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura, jihar Jigawa. Na yi difloma ta kwamfuta a Kazaure, yanzu ina da ɗan shagon buga takardu da rajistar JAMB a bakin kasuwa. Wani kamfanin casar shinkafa a yankinmu yana neman wanda zai kula musu da imel da fayiloli a Microsoft 365, amma sun ce sai mai satifiket. Wani mutum a Kano ya ce in ba shi naira 180,000, da hoton katin shaidata, da kalmar sirrin imel ɗina, cikin mako guda satifiket zai fito da sunana ba sai na zauna jarrabawa ba. In kuma ban yarda da haka ba, wai yana da tambayoyin da amsoshinsu a naira 25,000. Kuɗin riɗin da muka sayar bana ne a hannuna, kuma ba nawa ba ne ni kaɗai. Ga sabis ba ƙarfi a garinmu, ga an ce satifiket ɗin ma mutuwa yake yi bayan shekara. Wallahi hankalina ya rabu biyu. Me ya kamata in yi?

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka tura wa mutumin nan ko kwabo. In ka riga ka ba shi kalmar sirrin imel ɗinka, ka canja ta yanzu kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, ka kunna tantancewa mai mataki biyu.

Fara da komawa wajen manajan kamfanin ka tambaye shi wane satifiket suke nufi. Sau da yawa masu ɗaukar aiki a nan sun ji kalmar ce kawai a bakin wani, ba su san lambar jarrabawa ko ɗaya ba, kuma abin takaici ne a sa matashi ya kashe kuɗin amfanin gona a kan sharaɗin da mai gindaya shi bai san ma'anarsa ba. In ba su da takamaiman zaɓi, ga abin da ya dace da aikin da ka bayyana. A matakin farko, wato jarrabawoyin da lambarsu ta ƙare da 900, ɗauki SC-900, domin ita ce ta shafi asusun ma'aikata, izinin shiga da tsaron bayanai. Bayan ka yi wata shida ko fiye hannunka yana cikin aikin, sai ka nufi SC-300. Wanda zuciyarsa ke kan sabobi (manyan kwamfutocin da ake kira server) da hanyoyin sadarwa shi ne zai bi AZ-900 zuwa AZ-104, jarrabawoyin Azure, wato tsarin Microsoft na hayar kwamfutoci ta intanet. Makin cin jarrabawa 700 ne cikin 1000. A Amurka matakin farko dala 99 ne, na gaba dala 165, amma Microsoft na yanka farashi gwargwadon ƙasa, saboda haka zaɓi Najeriya a shafin jarrabawar ka ga kuɗin da idonka. Za ka tarar abin da mutuminka ya nema ya wuce kuɗin jarrabawar halal.

Maganar mutuwar satifiket rabin gaskiya ce. Na matakin farko ba ya ƙarewa. Na gaba, irin su SC-300 da AZ-104, shekara ɗaya yake yi, amma sabunta shi kyauta ne a Microsoft Learn, shafin karatu da satifiket na Microsoft, ba mai sa ido a kanka, kana iya duba littafi, kuma ƙofar sabuntawar tana buɗewa wata shida kafin wa'adin ya cika. Na sauran masu ba da satifiket, irin su AWS da Cisco da CompTIA, shekara uku suke yi.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damuna a tambayarka, domin kusan kullum sai an kawo shi, wani lokacin ma daga bakin malaman makaranta: tunanin cewa satifiket takarda ce da ake saye, kamar yadda wasu suka saba da ekspo da sojan gona a jarrabawar sakandare. Wannan tunani yana cutar da matasanmu, kuma masu cin abinci da shi ba su da tausayi.

Hanya uku mutumin nan zai iya bi da kuɗinka. Ta farko, ya buɗe kwamfutarsa ya tsara takarda mai tambarin Microsoft, ya buga maka a takarda mai kauri, ya lulluɓe ta da leda. Kai da kake da shagon buga takardu ka san minti nawa wannan zai ɗauka. Satifiket na gaskiya yana zaune ne a cikin asusunka na Microsoft Learn, kana tura wa mai aiki adireshinsa, ya danna ya ga sunanka, lambar shaida, ranar da ka ci da ranar ƙarewa. AWS da Cisco da CompTIA suna ba da tasu alamar ta wani shafi mai suna Credly, ita ma dannawa ake yi a gani. Takardar da ba ta da wannan adireshi ba ta wuce adon bango ba. In kuma ya ce zai ba ka MCSA ko MCSE, to ya tona asirin kansa, domin Microsoft ta daina waɗannan jarrabawoyi tun 31 ga Janairu, 2021.

Hanya ta biyu, a yi maka rajistar gaske, ka zauna gaban kyamara kana motsa linzami, wani a wata ƙasa ya shiga kwamfutarka daga nesa yana amsawa. Kamfanonin nan sun san wannan dabara sarai. Suna ajiye bidiyon zamanka, suna nazarin yadda aka amsa tambayoyi da tsawon lokacin da aka ɗauka a kan kowace. Suna iya soke sakamako bayan ya fito, su ƙwace satifiket ɗin da ka riga ka mallaka, su hana ka sake zama jarrabawarsu. Kai za a hukunta. Mai karɓar kuɗin zai canja layi ya nemi wani.

Ta uku ita ce mafi sauƙi a wajensa: ya karɓi kuɗin ya toshe ka a WhatsApp. Kuma a duk hanyoyin nan ka miƙa masa hoton katin shaidarka da mabuɗin imel ɗinka. Da imel ɗin nan ake sake kalmar sirrin Facebook ɗinka da sauran asusun da ka buɗe da shi, a ciki kuma akwai takardun mutanen da kake yi wa rajista. Ka yi tunanin abin da ɗan damfara zai yi da su.

Tambayoyin satar da ya yi maka tayi, waɗanda ake kira damps, su ne suka fi yaudara domin suna kama da karatu. Sato su ake yi daga ɗakin jarrabawa, kuma yarjejeniyar da kake amincewa da ita kafin fara jarrabawa ta haramta amfani da su. Ban da haka, amsoshin da ke ciki da yawa kuskure ne, domin wanda ya sato tambayar bai ga amsar hukuma ba, shaci-faɗi ya yi. Wasu kuma sun tsufa. Za ka ga tambaya tana maganar Azure Active Directory alhali tun 2023 aka mayar da sunansa Microsoft Entra ID.

To mu ce ma ka haddace ka ci, an ɗauke ka. Nan ne haɗarin gaske yake. Ranar da akantan kamfanin ya ajiye aiki, manaja zai ce maka a rufe asusunsa a daina biyan kuɗin lasisinsa. Wanda ya haddace amsa zai danna gogewa ya tafi sallah. Bayan kwana 30 akwatin imel ɗin ya tafi, da duk rasitan dillalan da suka kai shanshera, da wasiƙun bashin da ake bin masu sari a Dawanau. Wanda ya koyi aikin ya san zai fara toshe shiga asusun, ya mayar da akwatin ya zama na haɗaka, wanda ba ya bukatar lasisi matuƙar bai wuce gigabait 50 ba, ya miƙa fayilolin OneDrive, wato ma'ajiyar fayilolin ma'aikacin a intanet, ga wanda ya gaji kujerar, sannan ya cire lasisin. Ya san abin da aka goge a SharePoint, ma'ajiyar fayilolin haɗaka ta kamfani, kwana 93 yake yi a kwandon shara, daga nan sai dai labari. A Google Workspace, takwaran Microsoft 365 na Google, ma kwana 20 kawai kake da su ka dawo da ma'aikacin da aka goge.

Ga wani kuma da ke faruwa a garuruwanmu. Mutum ɗaya ne babban admin, wato mai cikakken iko da asusun kamfanin, manhajar tantancewa tana kan wayarsa ɗaya tilo, ranar Lahadi ya shiga cunkoson kasuwar Gujungu aka zare wayar. Kamfani gaba ɗaya ya rasa mai iya shiga ɗakin gudanarwa, sai an bi doguwar hanyar tabbatar wa Microsoft cewa su ne masu asusun. Maganin wannan a rubuce yake a darasin da ake tsallakewa: a ajiye asusun gaggawa guda biyu, a adana mabuɗansu a wuri amintacce, kada kuma manyan admin su kai biyar. Mai sayen satifiket kamar direban da ya sayi lasisi ne ya cika mota da fasinja. Alhajin da ya ba ka mabuɗin bayanan kamfaninsa amana ya ba ka, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da ta ɗora wa kamfanoni nauyin bayanan ma'aikata da abokan cinikinsu. Albashin da za ka ci da takardar bogi ka san hukuncinsa ba sai na faɗa maka ba.

Karatun kansa ba ya cin kuɗi sosai. Buɗe asusun Microsoft na kanka, ba na makaranta ko na wurin aiki ba, domin in ka bar wurin kada tarihinka ya maƙale a can. Darussan Microsoft Learn kyauta ne, yawancinsu rubutu ne, ba sa shan data kamar bidiyo, ko sabis mai rauni yana buɗe su. Sauke jagorar jarrabawar, wadda ta lissafa batutuwa da kason makin kowanne, ka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Awa ɗaya da rabi bayan sallar Asuba, kafin a fara layi a shago, na mako shida zuwa takwas ya ishi mai difloma a matakin farko. Akwai gwajin jarrabawa na kyauta a shafin, kada ka biya kuɗin rajista sai kana wuce kashi 80 a kai a kai.

Sannan ka sa hannu. Microsoft 365 na 'yan kasuwa yana da gwajin wata guda kyauta mai ɗaukar mutum 25. Ƙirƙiri ma'aikatan gwaji biyar, ka ba su lasisi, ka kafa rukuni, ka tilasta tantancewa mai mataki biyu, ka goge ɗaya ka dawo da shi. Tun ranar farko ka kashe sabunta biya da kansa, in ba haka ba wata na ƙarewa za a ciri kuɗi a katinka. In Azure ka shiga, sabon asusu yana zuwa da kyautar dala 200 ta kwana 30. Ka sani kashe VM, wato kwamfutar da ka yi haya a Azure, daga cikin Windows ɗinta ba ya tsayar da caji, sai ka danna Stop a shafin Azure har ka ga an rubuta deallocated, kuma ko a haka faifan ajiyarta yana ci gaba da cin kuɗi sai ka goge shi.

Game da ranar jarrabawa, shawarata kada ka zana a gida. Tsarin zana jarrabawa a gida, OnVUE, na Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, yana son intanet da ba ya yankewa, da kyamara a kunne daga farko har ƙarshe, da ɗakin da ba mai shigowa, kuma ƙa'idojinsu sun ce a guji haɗa kwamfuta da intanet ɗin waya. Ƙaninka ya ɗaga labule ya yi sallama, ko a ɗauke wuta batirin kwamfutar ya mutu, ana iya rufe jarrabawar kuɗinka ya bi ruwa. Nemi cibiya mafi kusa a shafin Pearson VUE, ka ware kuɗin mota da na kwana ɗaya, ya fi maka araha. Ka kula da sunanka ƙwarai. In katinka ya ce Mohammed kai kuma ka rubuta Muhammad, ko ka saka sunan garinku a rajista alhali babu shi a kati, ana iya mayar da kai daga bakin ƙofa. Je da kati na asali mai hoto wanda bai ƙare ba, kuma kada ka dogara da silif ɗin NIN na takarda sai ka kira cibiyar sun tabbatar maka. In ba a dace ba a karon farko, bayan awa 24 kana iya sakewa, daga nan kuma sai ka jira kwana 14 tsakanin kowane zama, kowanne da sabon biya.

Bin sauye-sauyen manhajojin girgije, wato masu aiki ta intanet irin su Microsoft 365, ba ya bukatar wani kwas. A ɗakin gudanarwar Microsoft 365 akwai Message center, inda ake sanar da abin da za a canja ko a daina da kwanan watansa. Saita shi ya riƙa aiko maka taƙaitawa ta imel duk mako, ka ware rabin awa ranar Asabar ka karanta waɗanda suka shafi kamfaninku. Kafin ka fara karatun kowace jarrabawa, duba ranar da aka sabunta jagorarta da kuma jerin waɗanda za a yi wa ritaya, domin kusan kowace shekara sai an cire wasu. Ka kuma sa ido kan shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, na koya wa matasa fasahar zamani, da aka fara a 2023 tare da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA, rajistarsa kyauta ce, duk wanda ya ce ka biya shi ya saka sunanka ɗan'uwan mutumin Kanon nan ne.

Shi kuma manajan, ka je masa da abin da za ka iya nunawa. In kana shiga ofishinsa, duba kwamfutocin: duk wadda ke kan Windows 10, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba, 2025. Faɗa masa haka, ka tambaye shi mutum nawa ne ke riƙe da mabuɗin admin, ka nuna masa ranar da ka tsayar don jarrabawarka, ka nemi ya ba ka gwajin wata biyu. Kuɗin riɗin kuma ka zauna da masu haƙƙi a ciki, ka gaya musu nawa jarrabawar za ta ci, nawa mota da data za su ci, sauran ka mayar musu.