Amsa ga Hajiyar da ke tambaya kan maganin suga na Chaina

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya. Na ga kin ce ɗanki mai shekara 22 an auna an ce suga ne nau'i na biyu, an ɗora shi kan metformin, sai wata ta kawo miki maganin gargajiyar Chaina wai yana warkarwa gaba ɗaya, kina tambaya ko ya ajiye na asibitin. Don Allah kar ya ajiye.

Ni ma ban kai talatin ba aka gano min, kuma da yake harkar kasuwa tana kai ni Guangzhou har asibitin gargajiyarsu na je. Likitan ya ce in fito da harshe ya duba, ya riƙe hannayena biyu yana jin bugun jini, ya yi ta tambaya kan ƙishirwa da barci da fitsarin dare, amma kafin ya rubuta komai sai da ya tura ni gwajin jini, irin HbA1c ɗin nan na auna suga da ake mana a gida. Saiwoyi da ganyayen da ya rubuta a nan asibitin ake dafawa a ƙulle a leda kamar fiya wata, baƙi ƙirin ga ɗaci wallahi ba a magana. Sai na sa tafinta ya tambaye shi ko in daina metformin, ya ce a'a in haɗa, nasu ƙari ne. To su masu abin kenan fa, kuma masu suga a ƙasarsu sun kai kusan mutum miliyan 140 a ƙididdigar 2021, da suna da mai warkarwa ai da kansu za su fara. Ƙishirwa ta ɗan ragu min gaskiya, amma lambar sugan ba ta sauka sosai ba sai da na rage shinkafa na bar lemon kwalba na kama tafiyar ƙafa bayan isha'i.

Ba wai raina maganinsu nake ba, maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yanzu ai daga ganyen Chaina aka ciro shi, har Tu Youyou, 'yar Chainar da ta gano shi, ta samu kyautar Nobel a 2015. A ɓangaren suga ma akwai wani sinadari berberine da ake samu a saiwar wani tsiro huanglian, yana sauke suga kam amma yana lalata ciki ga wasu kuma yana karo da wasu magunguna, shi ma sai da sanin likita.

Abin da ya fi damuna shi ne kwalbar da aka kawo miki. Akwai sanannen maganin suga a can, Xiaoke Wan, wanda glibenclamide, ƙwayar asibiti mai sauke suga, ne a ciki haɗe da ganye, su ma sun rubuta a jiki amma da rubutun Chaina, wa zai karanta? Wasu kuma na jabu ne ana zuba irin wannan ƙwayar a ɓoye ba awo a ce ganye ne zalla, mutum ya sha ya ga suga ya sauka ya ce maganin gargajiya ya yi aiki. Ranar da yaro ya sha bai ci abinci ba sai sugan ya faɗi ƙasa sosai, sai zufa da rawar jiki da jiri, har suma. Sannan wasu saiwoyin suna taɓa ƙoda, ita kuma dama sugan ya sa ta gaba.

Kuma Hajiya sugan yara ba irin na dattawa ba ne, ya fi gudu. Wani bincike a Amurka mai suna TODAY ya bi matasan da suka kamu tun suna ƙanana, suna wajen shekara 26 amma sama da rabinsu ciwon ya riga ya taɓa ƙoda ko jijiya ko ido, shi ya sa watannin da za a ɓata ana gwada ganye suke da tsada. Binciken da Chaina ta fi shahara da shi kan suga ma, na garin Daqing da aka fara a 1986, ba ganye aka ba mutane ba, gyaran abinci ne da motsa jiki.

In yaron siriri ne kuma yana ramewa da sauri ki sa likita ya tabbatar ba nau'i na ɗaya ba ne, don wannan insulin ne kawai ba wata hanya. Kwalbar kuma ki tafi da ita ranar ganin likita, ki duba ko akwai lambar NAFDAC, ki turo hotonta a nan ma, akwai masu karatu a Chaina a gurup ɗin nan za su karanta miki abin da ke ciki.